Lalin Kelepi Ya Fara Ɗingishi

Shekara arba'in da ɗaya babana Kelepi ya yi yana tayar da tsibirinmu daga barci, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa sannu ba. Shi ne mai kaɗa lalin cocinmu, gungumen itacen nan da aka rarake cikinsa, ake dukansa da sanduna biyu a kira mutane sujada. Litinin da Laraba da Juma'a da sassafe, ranar Lahadi kuwa sau uku. Wajen kawunsa ya gaji sandunan yana matashi, tun daga nan bai sake su ba, sai fa idan yana teku hadari ya tare shi, ko ciwo ya hana shi.

Ba wani babban mutum ba ne a yankin tsibiranmu na Ha'apai, kai ko a tsibirin namu mai gidaje saba'in. Yana da gonar doya da gwaza, da 'yan aladu, da kwalekwale mai injin da ke tashi ranar da ya ga dama. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ga gashi cunkus a ka, furfura ta mamaye shi tun yana ɗan hamsin amma ko sili ɗaya bai zube ba. Magana ba ta dame shi ba. Ka yi masa doguwar tambaya, ya ɗaga maka gira, shi ke nan ya ce e. Duk surutun da Allah ya hana bakinsa sai ya zuba masa a hannu. Dama ne ke kafa kiɗan, dum, dum, hagu kuma ya riƙa bi ta tsakani da sauri yana yi masa ado. Masunta na can nesa a kan ruwa suna gane nasa. Akwai shekarar da maruru ya fito masa a hammata, amininsa Siaki ya karɓe shi na mako guda, har yau ba a daina tsokanar Siaki ba.

"Ni na ɗauka wani ne ke faskare a harabar coci," in ji matar fasto.

"Amma dai kun tashi ko?" in ji Siaki. "To me kuma kuke nema, rawa?"

Ina da shekara tara uwata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin. Ba ma'aikacin lafiya a tsibirin lokacin, kwalekwale kuma bai kai da ita asibitin Pangai ba. Kowa ya zaci zai miƙa ni ga yayarsa, Gwaggo 'Akesa, ya sake aure. Bai yi ko ɗaya ba. Kullum idan ya dawo daga lali sai ya zaunar da ni a gabansa, ya shafa min man kwakwa, ya yi min kitso biyu na makaranta da yatsun nan nasa da igiya ta cinye. Kitson bai taɓa zuwa daidai ba, ɗaya a saman kunne, ɗaya can wajen ƙeya. Yara suka yi ta min dariya, ni kuma na yi ta jibgarsu har aka san da zamana. Da na ci jarrabawar makarantar jinya a Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu, aladunsa ya sayar kaf, bai bar ko na biki ba. A bakin jirgi abin da ya ce min kawai shi ne, "Losaline, ki dawo." Na kuwa dawo.

A wurinmu ɗa yana kiran ubansa da sunansa gatsau, ba laifi. Amma ba ya cin ragowar abincinsa, ba ya sa rigarsa, ba ya hawa shimfiɗarsa, uwa uba ba ya taɓa kansa. Jika na iya ɗarewa wuyan kakansa ya ja masa gashi, ɗan 'yar'uwa ma haka, amma wanda ka haifa a'a. Tsofaffi na cewa maƙogwaron mai yi kumbura yake. Na yi karatu, na san abin da ke kumbura maƙogwaro, wannan ba ya ba ni tsoro. Hannuna ne dai bai yi karatun ba. Ko ganye ne ya faɗo wa Kelepi a ka, sai dai in ce, "Akwai abu a kanka," ya kaɗe da kansa.

Shekara goma sha takwas ke nan ina riƙe da ɗakin shan maganin tsibirin ni kaɗai. Kusan rabin masu zuwa wurina ciwon kai ke kawo su, a nan kuwa nake da baki. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana can babban asibiti a Nuku'alofa. Kafin mutum ya kai gare ta sai ya yi awa huɗu a kwalekwale zuwa Pangai, likita ya sa hannu, sannan a nema masa kujera a ƙaramin jirgin sama. Don haka aikina tankaɗe ne. Yawancin ciwon kai rana ce, ko kava, jiƙon saiwar nan da mazanmu ke sha, idan an sha fiye da kima, ko ido mai neman tabarau, ko miji. Waɗannan fanadol da ruwa da ɗan faɗa sun ishe su. Amma akwai waɗanda ba na wasa da su. Mutum ya haura hamsin, bai saba ciwon kai ba, sai ga shi sabo fil yana ƙaruwa, wannan ba na sakinsa. Haka wanda ciwon ke tsananta masa idan ya sunkuya ko ya yi tari, ko ya tashi da shi da safe har da amai, da wanda wani gefen jikinsa ya fara nauyi ko halinsa ya canza, balle wanda ya bugu a ka. Irin waɗannan sai in zaunar da mutum, in ce a gafarce ni, in tura yatsu cikin gashinsa in lalube kan kaf. In dafa goshinsa in leƙa cikin idonsa da 'yar fitila har numfashinmu na haɗuwa. In sa shi ya miƙe hannu biyu ya rufe ido, in ga ko ɗaya zai sauka. Ba kan da ban lalube ba a tsibirin nan, har na fasto.

Mutum shida na tura hoto a duk shekarun nan, biyar an sami abu. Duk inda aka zauna sai na faɗi wannan, ko ba a tambaye ni ba.

Maƙwabciyata Vika ce ba ta yarda da tankaɗen nawa ba. 'Yarta na aure a Nuku'alofa, kuma ciwon kan Vika ya san lokacin Kirsimeti. Ta tare ni rannan a zauren coci, mata cike suna saƙar tabarma.

"Losaline, kaina zai tsage. Ki rubuta min takardar hoto mana."

"Ciwon nan shekararsa nawa, Vika?"

"Tun ina budurwa."

"To abin da ya kasa kashe ki tun kina budurwa ba bana zai fara ba. Ciwon ɓarin kai ne. Je ki ɗaki mai duhu ki kwanta."

"Ke dai muguwa ce. Sai ka ce jirgin ubanki ne."

"Da na ubana ne da tuni na sa an kai ki an baro ki can."

"Za mu gani ranar da naki ya kwanta, ko fanadol ɗin za ki ba shi."

Aka kwashe da dariya, har da ni.

Guguwar watan Fabrairu ta yaye rumfar da ke kan lali. Na sami Kelepi yana kallon ɓarnar, hannu a ƙugu, na san abin da ke ransa. Na ce masa idan na gan shi a kan tsani ni da shi ne, shekara sittin da takwas ba wasa ba ce, ga samari nan birjik ba abin da suke sai ƙwallo. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane, yadda na saba. Ya ɗaga min gira. Na tafi Pangai kwaso magunguna, na kwana biyu, na dawo na tarar rumfa ta miƙe. Na tambaya, aka ce samari ne.

Bayan mako uku sai ga shi a ɗakin shan magani. Bai taɓa zuwa don kansa ba, ko da ƙugiya ta shige masa yatsa da wuƙa ya cire abinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo har sai da na ce ya shigo. Ya kira ni da gajeren sunana.

"Line, ko kina da maganin ciwon kai?"

"Wa ke ciwon kai?"

"Ni."

"Kai? Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Ka faɗi ne? Ko wani abu ya buge ka?"

Ya kalli bango. "A'a."

Ya zauna a kujerar marasa lafiya ba tare da na ce ya zauna ba, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗan sunkuyar da kai. Na durƙusa don kada in tsaya masa a ka, na naɗa masa abin awo a damtse. Jinin ya ɗan hau, ba sosai ba, amma na yi murna da ganinsa kamar wadda ta tsinci abu. 'Yar fitilar na cikin aljihuna, ina jin nauyinta. Gashin nan fari yana gabana, tsakaninsa da hannuna bai fi taƙi biyu ba. Hannun ya ƙi tashi.

"Hawan jini ne ke maka sallama," na ce. "Da kava. Kai da Siaki kun mai da kwanon kava gona. Ka rage, ka rage gishiri, ga fanadol."

Bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan ƙara zama a yadda yake, sannan ya karɓi ƙwayoyin ya ce ya gode, ya fita. Ko hannu biyun nan ban ce ya miƙe ba, alhali wannan bai shafi kai ba. Na riga na yanke hukunci tun yana bakin ƙofa.

Kwana goma bayan haka lali ya fara ɗingishi. Ina kwance na ji shi da kunnena. Dama na nan daram, dum, dum, amma hagu na zuwa a makare, wani lokaci ya tsallake gurbinsa ɗungurungum. Duk tsibirin ya ji. Vika ta leƙo ta kan shinge tana wanke baki.

"Line, sabon salo Kelepi ya fito da shi, ko tsufa ne ya yi sallama?"

"Ke dai tashi ki tafi coci," na ce mata.

Abubuwa suka yi ta taruwa a gabana ina kau da kai. Kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Silifas ɗinsa na hagu ya riƙa ja a ƙasa. Ya manta bai ba aladu kwakwa ba har suka ɓalle shinge suka shiga gonar fasto. Ranar Lahadi muna buɗe ramin da muke gasa abinci a ciki, ya sunkuya zai ɗaga ganyen ayaba daga kan doya, sai ya saki ya dafe kai da hannu biyu, ido a runtse. Na ce masa ya koma inuwa. Ya daka min tsawa, wai in fita harkarsa. Mutumin da tunda aka haife ni bai taɓa ɗaga min murya ba.

Da wani ne ba shi ba, ranar zan sa a zuba wa kwalekwale mai. Shi kuwa sai Litinin na ɗaga waya na kira Pangai. Likitan sabo ne, Likita Heneli, watansa shida da zuwa, bai san kowa nawa ba.

"Likita, wani dattijo nake da shi, shekara sittin da takwas. Ciwon kai sabo, ya kai mako uku."

"Ya bugu ne?"

"Ya ce a'a."

"Kin lalube kan? Kin duba cikin ido?"

Ta taga ina hango Vika tana shanya. Na ji muryarta a zauren coci, na ji dariyar mata, na ga kaina ina rubuta wa ubana takardar da na hana ta shekara biyar. Na kuma ji kunyar in ce wa likita ni Losaline, mai shida an sami biyar, akwai kan da na kasa taɓawa.

"Na duba," na ce. "Ba komai."

"Hannu da ƙafa fa?"

"Yana aikinsa."

"To in ke kika duba na yarda. An ce min idonki ya fi na'urar. Ki fara masa maganin hawan jini, ki sa ido mako biyu. In wani abu ya canza ki sako shi jirgi kawai, kada ki jira ni."

Na ajiye waya. Ban ce masa babana ne ba. Wannan ƙaryar ita ce abin da na yi, kuma ba al'ada ce ta sa ni ba. Al'ada ta riƙe min hannu, amma ba ta ce in buɗe baki in ce na duba ba. Girman kai ne, da tsoron bakin mata. Na yi ta lallashin kaina cewa hawan jinin ne, mako biyu ba yawa, idan bai sauka ba sai in san dabara.

Mako biyun ba su cika ba. Ranar Lahadi ta biyu shiru ne ya tashe ni. Gari ya waye tas, zakaru sun gama cara, ba lali. Na fito da zanin barci na ruga coci. Yana zaune a ƙasa jikin ginshiƙin sabuwar rumfar, sanda ɗaya a hannun dama, ɗayar ta gangara cikin ciyawa. Bakinsa ya karkace. Ya dube ni ya kira ni da sunan uwata.

Kwalekwalen Siaki muka ɗauka, don na Kelepi ya ƙi tashi. Muka shimfiɗa shi a kan tabarma, Siaki ya ba ɗansa tuƙi, shi ya zauna ya ɗora kan amininsa a cinya yana kare shi daga bugun igiyar ruwa. Ni ina wajen ƙafafu riƙe da ledar ƙarin ruwa. Har a wannan hali ƙafafun na zaɓa. Mun yi nisa, tsibirin ya ɓace, sai Siaki ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Line, shi ya gyara rumfar nan."

Na ɗago na dube shi.

"Ni da shi. Ƙatuwar azara ce ta suɓuce ta same shi nan, sama da kunnen dama. Ya ɗan suma, ya farfaɗo yana dariya. Na daka ganye na danna masa, jinin ya tsaya, gashi ya rufe wurin. Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba."

"Don me?"

"Kin san bakinki."

Na buɗe bakin nan zan yi masa wankin babban bargo, tsoho da shi, mako bakwai yana kallon amininsa na lalacewa yana riƙe da rantsuwar banza. Ya riga ni.

"Da ya ce min zai zo wurinki, sai hankalina ya kwanta. Na ce ai shi ke nan, za ta gani. Ke da kike lalube kan kowa."

Na mai da idona kan ledar ƙarin ruwan har muka isa.

A Pangai Likita Heneli ya tare mu a bakin ƙofa. Ya karɓi katin, ya karanta sunan da shekarun, ya dubi sunan da ke ƙirjin rigar da na zura a gaggauce.

"Wannan ne dattijon da kika kira ni a kansa?"

"Shi ne."

"Sunanku ɗaya."

"Babana ne."

Ya sunkuya ya tura yatsu cikin furfurar, bai yi daƙiƙa biyar ba ya tsaya. Ya raba gashin. Tabo ne mai tsawon ɗan yatsa, ya warke a karkace, da tudu a ƙarƙashinsa wanda ko makaho ya shafa zai ji. Ya leƙa idanun da irin fitilata, ya miƙe ya ce a kira masu jirgin sama. Ina jira ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Sai ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Da kin ce min babanki ne, da na ce ki turo shi in duba da kaina. Ni ma ina da uba, Losaline. Ban taɓa kai hannu kansa ba."

Washegari muka sauka Nuku'alofa. Hoton da na shekara goma sha takwas ina gadin ƙofarsa ko minti goma bai ɗauka ba. Likitar tiyata ta nuna min a allo: tsohon jini ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ta gefen dama, ya yi siffar jinjirin wata, ya ture ƙwaƙwalwar gefe. Ta ce 'yar jijiya ce ta tsage ranar da ya bugu, ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, haka yake yi wa tsofaffi, sai an yi makonni ya nuna kansa. Duk na san wannan, na ci jarrabawa a kansa. Suka aske shi, suka huda ƙoƙon wuri biyu suka zuƙe jinin. Na tambaye ta, da an kawo shi makonni biyu da suka wuce fa? Ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Kirki ne kawai irin nata, ni ma na sha faɗa wa mutane haka.

Ya rayu. Hankalinsa ya dawo, ya gane ni, ya tambayi aladunsa. Ƙafar ta dawo da taimakon sanda. Hannun hagu ne bai dawo ba, yatsun sun lanƙwashe sun zauna.

Bayan wata guda muka koma gida. Gefe ɗaya na ɗinkin ya ƙi kamewa, aka rubuto min takarda cewa a riƙa wanke shi kullum ana sauya auduga. A asibiti wasu ke yi ina riƙe musu tire. A tsibirin kuwa ma'aikaciyar jinya ɗaya ce.

Vika ce ta fara zuwa, da ƙunshin ganyen gwaza da madarar kwakwa, da zafinsa. Ta ajiye ta tsaya tana murza gefen zani.

"Bakina ne, Line. Ban faɗa don ya faru ba. Ki yafe min."

"Ba bakinki ba ne, Vika," na ce.

Laraba da sassafe na shirya tire na shiga ɗakinsa. Yana zaune a kan tabarma, kan nan da na sani da furfura cunkus ya zama ƙwal, gashi ya fara tsirowa kamar ƙaiƙayi. Na durƙusa a bayansa da auduga a hannu, na yi tsuru. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji muryar Gwaggo 'Akesa daga waje. Ta zo ta zauna a dokin ƙofa ta ba ɗakin baya, don 'yar'uwa ba ta shiga makwancin ɗan'uwanta. Shekararta saba'in da biyar, kuma a kan 'ya'yan ƙaninta maganarta ce ta ƙarshe, ko shi Kelepi bai isa ya tayar ba.

"Ke Losaline, me kike jira? Sai ƙuda sun yi ƙwai a ciki?"

"Gwaggo, na ce ko a kira ɗanki Maka in riƙa gaya masa yadda zai yi."

"Maka? Mutumin da ko kifi bai iya fiɗa da kyau ba? Ni na ce ki taɓa. In maƙogwaro ne zai kumbura, nawa ya kumbura, na gama cin abin da zan ci a duniya."

Na ce to.

"Taku nawa ne daga asibitin naki zuwa gidana?"

Bai kai hamsin ba.

"Da kin tako tun ranar farko, abin da zan ce miki ke nan. Da na zo na zauna a ƙofa kamar yau kin yi aikinki. Amma ina, ke ba kya tambaya. Ke ce mai sani."

Ta miƙe da ƙyar ta tafi, ba ta jira amsa ba.

Na ce a gafarce ni, kamar yadda nake ce wa kowa, na ɗora tafin hannuna na hagu a kan babana. Ina da shekara arba'in da ɗaya. Kan da ɗumi, ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Babban yatsana ya sauka daidai kan tsohon tabon, tudun na nan. Na fara goge ciwon, hawaye na hana ni gani, sai na ga gara in faɗa tun yana ba ni baya.

"Kelepi, na yi wa likita ƙarya. Ya tambaye ni ko na duba kanka, na ce na duba. Da na faɗi gaskiya da tun lokacin an ɗauke ka hoto. Hannun nan naka ni na kashe shi."

Maganarsa ta ƙara nauyi tun bayan tiyata.

"Ni ma ai na yi miki ƙarya."

"Taka daban. Kai tsoron faɗan 'yarka ka ji. Ni aikina ne."

A waje lali ya tashi. Siaki ne, tun da muka tafi shi ke riƙe da sandunan, kuma ba wanda ya sake tsokanarsa. Hannun daman Kelepi ya fara motsi a kan gwiwa shi kaɗai.

"Ashe haka hannunki yake," ya ce. "Kowa na faɗa. Siaki ya ce har barci ya kusa ɗaukarsa ranar da kika duba shi."

Na ci gaba da gogewa.

"Ranar da na zo wurinki, ba fanadol na zo nema ba, akwai shi a gida. Na kasa faɗa miki ne. Sai na ce bari in je in zauna a kujerar nan, ta yi min yadda take wa kowa. In ta gani da kanta, ba sai na faɗa ba." Ya ɗan numfasa. "Har kai na sunkuyar miki, Line."

Na tuna. Na ga lokacin da ya sunkuyar.

Na ɗauki sabuwar auduga na rufe ciwon, na manne ta da filasta. A waje Siaki na ta faskarensa. A kan gwiwa hannun daman babana na kafa kiɗa, dum, dum, yana barin gurbi a tsakani, hagun na kwance a cinyarsa inda na ajiye masa shi da safe.